Kwamfuresar jita: abin da nake sa mai saye ya saurara

Shagona a Agadas ƙarami ne. Ina ba da hayar amfilifaya, lasifika da janareta ga masu kiɗan biki, ina gyaran wayoyi, ina kuma sayar da fedar jita 'yan gwanjo da nake samowa daga Yamai da Kano. Feda ɗan akwati ne da mai jita ke takawa da ƙafa don ya sauya sautin jitarsa. A garin nan da wuya a yi biki ba a ji jitar lantarki ba, don haka samari ba sa yankewa a bakin ƙofata. Cikin kayan da nake sayarwa babu wadda ke sa ni dogon bayani kamar fedar da ake kira kwamfuresa. Wani ma da ya ji sunan sai ya ce ai shi ba firji ya zo gyarawa ba.

Aikinta bai da yawa. Idan ka daki tsirkiya da ƙarfi sai ta danne sautin, idan sautin ya fara mutuwa sai ta ɗago shi, ƙarar ta zama kusan kai ɗaya. Shi ya sa ake jin kamar tsirkiya ta daɗe tana amo. Ga irin kiɗanmu, inda yatsun hagu ke ta bugawa da fizgar tsirkiya da sauri ba tare da hannun dama ya sake kaɗawa ba, wannan babban taimako ne. Waɗannan ƙananan sautukan su ne ke ɓacewa idan ganga da tafi suka kankama, ita kuwa tana fito da su fili.

Sai dai ba ta san bambancin kiɗa da ƙugi ba. Duk abin da ya yi ƙasa ɗago shi take yi. Yawancin yaranmu jita mai siffar Stratocaster suke riƙewa, masu siraran maganaɗisun ɗaukar sautin tsirkiya, waɗanda tun asali suna kwasar ƙugin wuta. Ka haɗa da janareta, da doguwar wayar da aka sha ɗaurewa da salatif, da adafta mai arha. Da zarar mawaƙi ya tsaya ya yi wa dangin amarya kirari, sai filin ya cika da "zzzz" kamar an taɓo gidan zuma. Ya taɓa faruwa da kayana a wani biki, uban ango ya aiko a tambaye ni ko lasifikar ce ta fashe. Lafiyarta ƙalau, yaron da ke kaɗa jitar ne ya murɗe kwamfuresar har ƙarshe.

Tun daga ranar na sauya yadda nake gwaji. Nakan ce mutum ya zo da jitarsa, ba tawa ba. In ya kaɗa ya gamsu, sai in ce ya ɗora tafinsa kan tsirkiyoyi, mu yi shiru, in taka fedar in kashe, in sake takawa. Abin da ya ƙaru a cikin shirun nan shi zai raka shi kowane biki.

Iri uku suka fi ratsawa ta hannuna. Akwai MXR Dyna Comp, ja, mai maɓallan murɗawa biyu kacal, wadda ta fito tun shekarun 1970. Matsa sauti take yi sosai, har ka ji wani ɗan "tas" a farkon kowane bugu. Masu kiɗan kantiri na Amurka sun daɗe suna sonta saboda haka. Ina ƙaunarta, amma tana rage kaifin sauti kaɗan, kuma ba ta ba ka wurin gyarawa. Sai Boss CS-3, shuɗiya, wadda ake yi tun 1986, mai maɓallai huɗu: ƙara, kaifi, saurin kamu da tsawon amo. Ita na fi ba da haya, don gangar jikinta na jure faɗuwa daga bayan babur da ƙurar hunturu. Laifinta shi ne ƙugi idan aka wuce da maɓallin tsawon amo sama da rabi.

Ta ukun ita ce Keeley Compressor Plus, kuma in da kuɗi ita nake nuna wa mutum. Tana da maɓallin gauraya, wanda ke haɗa sautin jitar na asali da wanda aka matsa. Ma'ana, ƙarfin hannunka bai ɓace ba, amma wutsiyar sautin ta samu tallafi. Wanda ya iya kaɗawa a hankali sannan ya zabura, wannan maɓallin shi ke hana fedar ta mayar da shi daidai da ɗan koyo. Tsadarta ce matsala, ga jabu sun yi yawa.

Abin da nake maimaitawa kullum: a sa kwamfuresa farko bayan jita, kafin fedar da ke sa sauti ya yi kaushi, in ba haka ba ƙugin waccan ma za ta ɗago. Galibi wutarta bolt 9 ce, kuma tsakiyar bakin adaftar nagatif ne, wanda ya soka kishiyarsa zai iya ƙona ta. Mai amfani da batir ya zare wayar shiga in ya gama, don muddin tana ciki batirin na ci.

Makon jiya wani yaro ya zo da kuɗinsa a dunƙule, ya ce, "Kawu, wadda ke sa jita ta yi ta kuka ba ta tsayawa nake so." Na jona masa CS-3, ya kaɗa, ya dube ni.

"Kawu, ka kunna kuwa?"

"A kunne take, ɗana. Kashe ka ji."

Ya kashe, ya sake kaɗa abin da ya kaɗa ɗazu, rabin sautukansa suka nutse. Ya yi dariya, amma ya ce ba wannan kukan yake nufi ba. Na gane mai kaushi yake nema, na ɗauko masa ita. Kafin ya fita na duba tsirkiyoyinsa, duk sun yi tsatsa, na ce ya fara sauya su da canjin da ya rage. Kwamfuresar kuma ya ce in ajiye masa zuwa bayan Sallah.