Riƙe Alli Daban, Koyarwa Daban

Ƙaramar cibiya ce muke da ita, kuma aikinmu guda ɗaya ne, wato mu ɗauki wanda ya yi karatu mu mai da shi wanda zai iya karantar da wani. Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai waɗanda suka gama kwalejin ilimi, takarda na hannu, amma da an ce su shiga aji sai ƙafa ta ɗauki rawa. Akwai masu digirin lissafi ko kimiyya ko harshe da ba su taɓa karanta fannin koyarwa ba. Sai kuma masu makarantu da ke turo mana malamansu lokacin hutu. Tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce, zama ka zo yi a aikin nan ko ratse? Wanda ya ce so yake ya ɗan taɓa koyarwa kafin aikin da yake jira ya fito, ba na korarsa. Ina dai tuna masa cewa yaran da zai tsaya a gabansu sau ɗaya za su yi aji uku a rayuwarsu.

Mai neman shiga malanta ba zai rasa gurbi ba. Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Rahoton ya kuma nuna cewa yawan malaman firamare masu ajiye aikin ya kusa ninkawa tsakanin 2015 da 2022. Kowa zai ce albashi ne, kuma da gaskiyarsa. Amma ni da nake zama da sababbin malamai na ga wani dalilin. Ana jefa mutum cikin aji ba tare da an nuna masa yadda ake yi ba, ya wuni yana ihu, ya koma gida murya a dishe, yaran ba su ƙaru da komai ba, shi ma ya san ba su ƙaru ba. Wa zai daɗe a aikin da kullum yake jin ya gaza?

Ga irin abin da muke fara gwada mutum da shi. Sai in rubuta masa 52 a ɗebe 38, in ce yaro ya ba da amsa 26, me ya faru? Mai digirin lissafi zai yi wuf ya ce ai ba daidai ba ne, amsar 14 ce. To wannan ko mai sayar da kaya ya sani. Abin da nake so ya gano shi ne yadda yaron ya kai ga 26. Ya dubi 2 da 8, ya ga ba a cire takwas daga biyu, sai ya juya su ya cire ƙarami daga babba ya samu 6, sannan ya cire 3 daga 5 ya samu 2. Yaron nan ba sakarai ba ne, doka ya bi, dokar ce ya ƙirƙira da kansa don ba a fahimtar da shi aro daga gidan goma ba. Idan ka ja masa jan biro ka wuce, gobe ma haka zai yi, jibi ma haka. Haka yaron da ya rantse ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma, tunda takwas ta fi huɗu. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Lee Shulman, ya yi rubutu a 1986 a kan wannan ilimi na musamman da malami ke buƙata, wanda ya wuce sanin darasin kansa: sanin inda ɗalibi zai yi tuntuɓe da misalin da zai ɗago shi. Mu a nan muna da manyan fayil-fayil na kurakuran yara da muka tara aji-aji, darasi-darasi, kuma ba na jin akwai kadarar da ta fi su daraja a ofishinmu.

Ni a hannun wani dattijon malami na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Ya kusa ritaya lokacin da aka haɗa ni da shi. Ba ya zama a gaba, kujerar ƙarshe yake ɗauka ya zauna cikin yara da ɗan littafinsa. Bayan an tashi sai ya ce, “Malam ƙarami, zo ka zauna inda na zauna, ka karanta mini abin da ka rubuta a allo.” Daga nan na san girman harafin da yaron baya zai iya gani, na san a raba allo gida-gida, abin da zai zauna har ƙarshen darasi a gefe guda, abin da za a goge a tsakiya. Shi ya koya mini tsayuwa a karkace lokacin rubutu don kada aji ya ga ƙeyata. Shi ya nuna mini cewa idan surutu ya yi yawa, sassauta murya ya fi ɗaga ta aiki, domin yara sukan yi shiru su ji me ake cewa. Tambaya ɗaya ce ya haramta mini, wato “Kun gane?” Na ce, “Ranka ya daɗe, to yaya zan san sun gane?” Ya ce, “Ka taɓa jin ajin da ya amsa da a'a? Ba su aiki ka zagaya ka gani da idonka.” Ya kuma ce in jefa tambaya tukuna, in yi shiru, sannan in kira suna, don kowa ya yi tunani yana tsammanin shi za a kira. Sai daga baya na karanta binciken shekarun 1970 na wata masaniyar ilimi 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, wadda ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara ɗaga hannu. Dattijon nan bai taɓa jin sunanta ba, a aji ya tsinci abinsa.

A kan wannan turba muka gina horonmu. Lacca kaɗan ce. Mai koyo zai shirya ɗan gajeren darasi na minti goma, ya koyar da ƙaramin rukuni, mu ɗauke shi a bidiyo da waya, mu zauna tare mu kalla, a ware abu ɗaya da zai gyara, ya sake koyar da darasin nan dai. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, a Jami'ar Stanford da ke Amurka aka fara ta a 1963 a ƙarƙashin Dwight Allen da abokan aikinsa. Sakewar ita ce sirrin, kuma ita ce mutane suka fi ƙi. Ba daɗi mutum ya kalli kansa yana magana da allo, ko ya ƙirga sau nawa ya amsa tambayar da shi ya yi. Amma a zagaye na uku ko na huɗu sai ka ga kafaɗa ta sauka, ido ya fara yawo cikin aji. Mun kuma aro al'adar malaman Japan, inda malamai ke shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su zuba wa ɗalibai ido maimakon malamin, sannan a zauna a tattauna abin da yaran suka yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu taron bita na Asabar da Lahadi. Su kama zaure, su haska rubutun da suka kwaso daga intanet a bango, a ɗauki hoto, a raba satifiket mai zanen zinare da ke cewa wane ya zama ƙwararren malami. Ba wanda ya riƙe alli, ba yaro ko ɗaya a wurin. Sai mai makaranta ya zo mini da takardar tallarsu yana cewa, “Malam, waɗannan kwana biyu suke yi, kai me ya sa naka sai an ɗauki zango guda? A rage mana mana.” Wani ma ba kunya zai ce a ba malamansa takardar kawai, horon a yi shi in an samu sarari. Araha dai ba ta ado. Da yawansu sukan dawo bayan sakamakon jarrabawa ya fito, iyaye sun fara kwashe 'ya'yansu.

Wasu matasan kan ji tsoron cewa malanta ɗaki ne mai ƙofa ɗaya. Ba haka ba ne. Daga cikin waɗanda suka bi ta hannunmu akwai masu rubuta manhaja da littattafan karatu, akwai sufetocin makarantu, akwai shugabannin makarantu, akwai masu ba ɗalibai shawara. Akwai waɗanda suka koma koyar da yara masu buƙata ta musamman, suka koyi maganar hannu ta kurame ko rubutun makafi mai ɗigo shida da Louis Braille ya wallafa a 1829, kuma wannan fanni kullum cikin ƙarancin ma'aikata yake. Akwai masu tsara tambayoyin jarrabawa, aikin da mutane ke raina wa wahala. Tambayar zaɓi mai kyau, amsoshinta na ƙarya ba da ka ake zuba su ba. Idan tambayar 52 a ɗebe 38 ce, dole 26 ta kasance cikin zaɓin, don a kamo yaron da bai iya aro ba. Wanda bai taɓa duba littattafan yara ba ina zai san haka? Shi ya sa nake ce wa duk mai hangen waɗancan kujeru ya fara yin 'yan shekaru a aji. Yanzu har masu haɗa manhajar waya ta koyon karatu suna zuwa neman tsofaffin ɗalibanmu, bayan sun kashe kuɗi sun gina abin da yaro ke danna wa sau biyu ya ajiye. Su ma can akwai 'yan kwana biyun, masu tallar cewa kwamfuta za ta maye gurbin malami, alhali ba su taɓa riƙe aji na minti arba'in ba.

Mai son zuwa wurinmu ya sani cewa takardarmu ba ta maye gurbin shaidar malanta da hukumar ƙasarsa ta shar'anta. Wannan ya neme ta a kwaleji ko jami'a, ya yi rajista inda doka ta ce a yi. Namu aikin hannu ne. Ba ma ɗaukar mutane da yawa a zango ɗaya, domin kowane mai koyo sai ɗayanmu ya bi shi har makarantar da yake koyarwa, ya zauna a ajinsa, ya buɗe littattafan yaransa ya ga irin gyaran da yake yi musu. Sai mun gamsu da wannan muke sa hannu a takarda. Wanda bai kai ba muna ƙara masa lokaci, ya sake darussan da suka ba shi wuya, mu sake komawa ajin nasa a zango mai zuwa.