Sai na kwana da waya kafin in ce a saye ta

Ranar Asabar ina zaune a shagon wani abokina a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wani matashi ya gane ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, ina kallon bidiyonka, amma gaskiya kai ɗan Android ne. Ta yaya zan yarda da maganarka a kan iPhone?" Ban ji haushi ba. Tambaya ce da ta dace da duk wanda ke ɗaga waya yana cewa jama'a su saya. Kuɗin mutane ne, wani ma sai ya yi adashen wata shida kafin ya haɗa su.

Na fara da Nokia E71 mai Symbian, na koma BlackBerry lokacin da ake musayar lambar PIN a wurin biki kamar yadda ake musayar lambar waya yanzu. Daga nan na riƙe Lumia 520 mai Windows. Ita ce ta fi koya mini darasi. Waya ce mai sauƙin sarrafawa, ba ta cika tsayawa ba, amma manhajoji da dama da abokaina ke amfani da su babu su a cikinta. Daga baya Microsoft ya daina kula da tsarin, a ƙarshen 2019 WhatsApp ma ya daina aiki a kansa. Wanda bai riƙe irinta ba zai yi ta auna kyamara da girman allo, ya manta da tambayar ko wayar za ta yi maka aiki nan da shekara uku. Android kuwa na riƙe Tecno da Samsung da wasu, iPhone biyu na saya da kuɗina, duka na hannu.

Amma yawan wayoyin da mutum ya taɓa ba shi ne ba. Mai shago ma yana taɓa ɗari a mako. Abin da nake nufi da riƙewa shi ne in cire layina na ainihi, wanda mahaifiyata ke kirana da shi, in sa a ciki, in jefa ɗayar a durowa aƙalla wata guda. A nan ne ake gane abubuwa. Za ka gane cewa AirDrop, hanyar tura hotuna ta iPhone, ba zai tura wa ƙaninka mai Infinix hotunan suna ba. Za ka gane cewa kafin iPhone 15 ta koma USB-C, bakin caji irin na yawancin Android, a 2023, in cajinka ya ƙare a gidan aboki a Kurna, da wuya ka samu igiyar da ta dace. Za ka kuma gane abin da masoyanta ke faɗa gaskiya ne: bidiyonta na da kyau, ana daɗewa ana sabunta tsarinta, kuma in ka kawo ta kasuwa canji ba ta faɗuwa warwas. Sannan akwai abin da mai saye a Kano ya wajaba ya sani, wanda masu sharhi na Amurka ba ruwansu da shi: iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sim, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, kuma ta hannu in tana kulle da iCloud, wato asusun Apple, na wani, ka sayi madubi.

Akwai abin da har yau yake damuna. Shekarun baya wani shago ya ba ni aron waya, na riƙe ta kwana uku cikin sanyin hunturu, na fito na yabe ta. Gwaggona ta saya saboda maganata. Da zafin Afrilu ya kama, rana ta kai maki 40, wayar ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta, batirin ya kumbura. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce mai kyau ce ba?" Ba ni da amsa. Ni na biya gyaran, kuma tun daga ranar ba na sharhi a kan wayar da ba ta sha ranar Kano da ƙurarta da ɗaukewar wuta a hannuna ba. In kuma aro aka ba ni, a farkon magana nake faɗa.

Na zaro wayar da ke aljihuna na miƙa wa matashin. iPhone ce, makonta uku da layina a ciki. Ya jujjuya ta ya ce, "To wacce zan saya?" Na ce ya fara gaya mini nawa ne a hannunsa, layi nawa yake amfani da su, kuma awa nawa suke samun wuta a unguwarsu. Ya ce layi biyu, a Sheka yake, wurin mai caji yake kaiwa. Muka ja benci muka fara lissafi daga batiri.