Wanka kake mata ko jima?

Fijo 504 ce akori-kura, shuɗiya, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana lodin masara da dawa da ita daga ƙauyukan Giwa zuwa Zariya, in kasuwa ta yi kyau har Dawanau. Da aka raba gado sai ta faɗo a kasona. Inji lafiya lau, amma fenti ya koɗe, ya yi furu-furu kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba da hunturu. In ka shafa bonet sai ka ga shuɗin gari a tafin hannunka.

Wata Asabar cikin Janairu na ce yau sai ta yi ƙyalli. Na sayo gwangwanin folish da wani man gurzar fenti mai ɗan yashi-yashi, na fito da ita tsakiyar rana. Abin da na fara yi shi ne kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma. Sannan na kaɗa garin sabulun wanki a bokiti ɗaya, na bi ta da soso ɗaya tun daga taya har rufi. Kafin in zagayo ɗaya gefen, kumfar gefen farko ta bushe, ruwan burtsatse ya bar ɗigo-ɗigon fari ko'ina.

Ban karaya ba. Na ɗauko man gurza na hau bonet da ƙarfin tuwo. Tsumma ya rine shuɗi, ni kuwa murna nake, wai datti ne yake fita. Na lafta folish a jikin motar gaba ɗaya, na tafi sallar Azahar. Da na dawo ya daskare kamar ƙanzo, sai kankarewa.

A haka Baffa ya same ni. Ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya fi kowa tuƙa motar nan. Ya tsaya, ya dubi tsumman, ya dube ni.

"Kai ɗan nan, wanka kake mata ko jima?"

Na ce, "Baffa, datti nake cirewa."

Ya kama hannuna ya kai kan madigadin hagu, inda ƙarfen ya yi tudu. Wani wuri kamar faɗin babban yatsa ya koma ruwan toka. Na cinye fentin har na taɓo shafen farko da ake yi wa ƙarfe.

A ranar na gane abin da ban sani ba. Motocin yanzu akwai wani shafe garai-garai a saman launinsu, shi ke ɗaukar rana da gurza. Tawa ba ta da shi. Launin shi ne fatar, kuma rana ta shekara da shekaru tana cin samansa, shi ne garin nan da ke biyo hannu. Cire mataccen saman ba laifi ba ne, ta nan ne ma launin ke farfaɗowa. Amma abin da ya rage a ƙasa ɗan kaɗan ne, kuma a kan tudu da gefuna ya fi siranta. Busasshen tsumman kuwa, ƙurar hunturu na tura da shi na yi ta zana fenti. Da rana ta haska sai ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo.

Bayan mako biyu muka sake, wannan karon Baffa na zaune a kan benci yana ba da umarni. Mun fara bayan Asuba, a ƙarƙashin rumfar kwano, ƙarfe da sanyinsa. Na so mu yi a gindin darbejiya, ya ce tsuntsaye za su biya ni ladan aikina. Muka sayi ruwa jarka 4 masu lita 25. Ta farko duk a jiƙa mota ta tafi, ba a taɓa ta da komai ba sai da ƙura ta gangara da kanta. Bokiti biyu: ɗaya na sabulun wankin mota, ɗaya na zallan ruwa, inda nake ɗauraye soso kafin in mayar da shi cikin kumfa. Na yi mamakin yashin da ya kwanta a gindin bokiti na biyu. Duk wannan a fenti na goga shi a karon farko. Daga rufi ake farawa a sauko, taya da ƙasan ƙofa kuma sosonsu daban. Kowane gefe na gama, sai in ɗauraye in tsane da tawul kafin ruwa ya bushe da kansa.

Inda muka fi daɗewa ba ma wurin da ido ke gani ba ne. Baffa ya sa na ɗage tsohuwar tabarmar roba da ke bodin baya. Ƙarƙashinta akwai ƙaiƙayi, da ƙasa, da ɓurɓushin takin zamani da ya dunƙule. Taki yana jawo laima, laima kuma ita ce uwar tsatsa. Kusurwa biyu har sun fara ɓawo. Ya kuma nuna mini ƙananan ramuka a ƙasan kowace ƙofa, waɗanda ruwan sama ke fita ta cikinsu. Laka ta toshe su. Da na zura waya, sai da busasshiyar ƙasa ta zubo kusan cikin tafi.

Shafa folish ɗin shi ne mai sauƙi, in mutum ya rage zari. Irin nawa an rubuta a gwangwanin cewa da kakin karnoba aka yi shi, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Brazil. Ɗan kaɗan ake lakatowa a soso mai laushi, a shafa wa ƙofa ɗaya, a jira ya yi hazo-hazo. In ka ja yatsa ya bar layi fes, ya isa gogewa. In ya yi maiƙo, da saura. Kada ya taɓa baƙar robar gilashi, don farin da zai bari sai an yi da gaske yake fita. Rabin gwangwanin da na ɓarnatar a karon farko da ya ishe ni shekara.

Kafin la'asar shuɗin ya dawo, ba irin na sabuwar mota ba, amma mai zurfi. Baffa ya watsa ruwan buta a bonet, ruwan ya dunƙule kamar duwatsun ado ya gangara. Tsatsar bodi dai folish bai yi mata komai ba, sai da na kai wa mai walda ya yanke ya yi faci.

Yanzu ina shafawa kafin damina, da kafin hunturu, da duk lokacin da na ga ruwa ya daina dunƙulewa. Man gurzar kuwa yana kan taga, ban sake buɗe shi ba. Tabon madigadi yana nan. Mai fenti ya ce sai dai a fesa gefen gaba ɗaya, kuma launin ba zai zo daidai da sauran ba, sai na bar shi. Duk ranar da Baffa zai shiga motar, sai ya ɗora yatsa a wurin tukuna, sannan ya buɗe ƙofa.