Yadda na kusa ɗaura wa Hilux ɗina aksil ɗin Land Cruiser

Motar tawa tsohuwar Hilux ce, LN106 mai injin 3L na dizal, irin wadda gaba da baya duk sifirin ne, kuma aikinta ɗaya ne, ɗauko masara da wake daga ƙauyukan saman Mambila in sauko da su Serti, wani lokacin har Bali. Wanda ya san hawan nan daga Mayo Selbe zuwa Maisamari ya san abin da nake nufi, amma wallahi wannan ma kwalta ce, wahalar tana can bayan Nguroje in ka saki titi ka nufi wajen Mayo Ndaga da damina, jan taɓo mai santsi kamar sabulu ga rafuka ba gada.

Abin ya fara ne da kuka. In na taka mai sai in ji wuuu daga baya, in na ɗaga ƙafa sai ya yi shiru. Na share. Can sai man giya ya fara tsiyaya ta tayar dama ya jiƙe birki, aka canja oyil sil da boris, wata biyu ya dawo, aka sake canjawa ya sake dawowa. Ran da bakanikena ya kwance noti na ƙasa don ya juye man, abin da ya fito ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar kunun gyaɗa, ga garin ƙarfe ya manne a jikin notin. Ya kalle ni ya ce Alhaji buhu nawa kake ɗora mata? Na ce sha biyu. Yaron motata da ke gefe ya fashe da dariya, don ya san sha bakwai muke yi, motar da aka ƙera don wajen tan ɗaya.

To nan fa shawara ta kasu uku. Ko a gyara aksil ɗin baya da ke jiki a sa sabon kirawun da finiyon (giyoyi biyu masu haƙora da ke juya tayoyin) da boris, ko in nemo aksil sukutum ɗan Baljiyam irin na motar, ko kuma abin da abokai suka yi ta zuga ni a kai, wai in ɗaura na Land Cruiser in huta har abada. Kuma gaskiya zuciyata can ta karkata, don maganarsu da ƙamshin gaskiya. Kirawun ɗin Hilux inci 8 ne, na Land Cruiser fikof inci 9.5, sannan a Hilux shaf ɗin shi ke juya taya kuma shi ke ɗauke da nauyin kaya, a waccan kuwa nauyin yana kan hob mai boris biyu, shaf juyi kawai yake, ko ya karye a daji sai ka zare shi ka sa fowil, wato giyar da ke sa tayoyin gaba ma su ja, ka lallaɓa da gaba har gida. Wa zai ƙi wannan?

Sai da muka je muka tsaya a kan aksil ɗin da tef a hannu sannan jikina ya yi sanyi. Tulun nasa, wato gidan kirawun da finiyon, ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama, na Hilux kuwa a tsakiya yake, ke nan farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa tulun, za ta tafi a karkace. Mazaunin sifirin sai an yanke an sake walda. Wanda muka samu na Land Cruiser 79 ne mai noti biyar, tawa shida, wato rim iri biyu a mota ɗaya da safaya biyu, ga birkin hannu shi ma sai an yi masa dabara. Babbar matsalar kuma haƙora. Nawa kirawun 41 finiyon 9, wato 4.56, wancan 43 da 10 wato 4.30, kuma mota mai fowil dole gaba da baya su zo ɗaya, in ba haka ba ɗaya na ja ɗaya na turjewa, a taɓo ba za ka ji sosai ba amma kana hawa busasshiyar ƙasa za ka ji tana ɗaurewa, ƙaramar giya, mai raba ƙarfi gaba da baya, ita ce za ta biya bashin. Ke nan sai na buɗe gaba ma na canja. Bakaniken ya ce Alhaji in Land Cruiser kake so ka tara kuɗi ka saye ta, wannan aikin in ya lalace maka a Dorofi ba mai kayansa. Maganar nan ita ta kashe bakina.

Sai na koma kan gyara, don shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma har na kusa biyan kuɗin kirawun Allah ya taimake ni bakaniken ya ce a tsaya a duba kwankwason aksil ɗin tukuna. Ya ɗaga motar, ya ɗauko zaren buhu ya auna tsakanin rim da rim ta sama, ya auna ta ƙasa, sai ga sama ya fi ƙasa matsewa da kusan faɗin yatsa. Bututun dama ya lanƙwashe, lodi ya danne shi. Shi ya sa sil ba ya zama, shi ya sa tayar ke cinyewa ta ciki ina ta zagin masu taya ba laifinsu. Da na zuba sababbin kaya a ciki da na yi asarar banza. Akwai masu miƙar da shi da wuta da jak, na ga an yi, amma ni ban yarda ƙarfen da aka gasa zai sake ɗaukar masara a gangaren Mayo Selbe ba.

Haka na hau mota har Kano, Ƙofar Ruwa, na yini ina zagaye. Abin da na koya a nan shi ne kar ka yarda da "irin nata ne" da baki. Na Hilux duk kamanninsu ɗaya a ido amma akwai 4.10 akwai 4.30 akwai 4.56 har 4.88. Daɗin abin tulun Toyota ana zare shi ta gaba in an ja shaf, sai na biya yara suka kwance, na tsuguna da alli ina ƙirga haƙori ɗaya-ɗaya mutane na kallona kamar mai lissafin gado. Na farko 43 ya ba ni na bar shi, na uku ne ya zo 41 da 9, haƙoran sumul ba tsaga, zare ma ya nuna a miƙe yake. Duk da haka sai da na sa sabon boris da sil kafin a ɗaura, aka zuba man giya 85W-90, tsohon tulun kuma na ajiye shi a gida saboda wata rana.

Ruwan da ya mai da man nan kamar kunun gyaɗa kuwa ashe ta ɗan hancin numfashi da ke saman aksil yake shiga, ƙarfe ya yi zafi ka faɗa rafi mai sanyi sai ya zuƙo ruwa ciki. Tiyo muka sa masa muka ja shi sama har ƙarƙashin bodi, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba, abin haushi.

Lodi na dawo da shi buhu goma sha ɗaya, sha biyu in hanya ta bushe. Ranar kasuwar Nguroje da ta wuce wani dillali ya bi ni har bakin mota yana Alhaji ƙara uku kawai, uku fa, yarona har ya fara kwance igiya, na ce ɗaure mu tafi.