Tsawar da na yi mata yau

Yau da na dawo daga aiki, matata ta tambaye ni ko lafiya, kawai sai na daka mata tsawa. Ba ta rama ba. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Maigida, yaushe rabonka da barcin kirki?" Na yi shiru ina lissafi. Mako biyu ke nan tunanin bashi na hana ni runtsawa, da ƙyar nake samun awa 4, alhali likitoci sun ce babba na buƙatar aƙalla 7.

Wallahi kunya ta kama ni. Ashe damuwar da nake ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi, a kanta nake hucewa. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata komai. Bashin na nan, amma yau ƙirjina ya yi sakayau.