Inda aiki ya kai: manhajar System Z da matsalar jimina

'Yan uwa masu koyo, manhajarmu ta Python yanzu tana jera ƙa'idoji irin na "galibi idan A, to B" bisa tsarin System Z da Judea Pearl ya gabatar a 1990. Ƙa'idojin gwaji huɗu ne: tsuntsu na tashi, tsuntsu na da fikafikai, jimina tsuntsu ce, jimina ba ta tashi.

A kowane zagaye ana ɗaukar ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, a tambaya: akwai yanayin da sharaɗinta da sakamakonta suka tabbata tare, ba a kuma karya ko ɗaya cikin ƙa'idojin da suka rage ba? Waɗanda suka tsallake wannan gwajin a zagayen farko su ne mataki na 0. A cire su, a sake zagaye don samun mataki na gaba. A gwajinmu ƙa'idojin tsuntsu sun faɗa mataki na 0, na jimina mataki na 1. Idan zagaye ya ƙare babu wadda ta tsallake, ƙa'idojin suna karo da juna. Ku sa sharaɗin tsayawa a nan, in ba haka ba madaukin ba zai ƙare ba.

Nauyin lissafin yana cikin wannan tambayar, domin kowace ɗaya matsalar SAT ce, wato neman ko akwai yanayin da zai cika dukkan sharuɗɗa a lokaci guda. Kada ku bi yanayi ɗaya bayan ɗaya: alamomi 20 (kowace ko gaskiya ko ƙarya, kamar "tsuntsu" ko "tashi") suna haifar da yanayi 1,048,576, alamomi 30 kuwa sun haura biliyan ɗaya. Mun koma MiniSat, injin warware SAT, ta hanyar PySAT, kayan aikin Python da ke kiran sa. Ƙa'idoji n ba za su buƙaci kira fiye da n(n+1)/2 ba, wato 5,050 ga ƙa'idoji 100. Dabarar da ta fi rage lokaci ita ce a ba kowace ƙa'ida alamar kunnawa tata, a loda komai sau ɗaya, sannan a riƙa kunnawa da kashewa, maimakon gina sabon injin warwarewa a kowane kira.

Ku guji sa sharaɗi cikin sharaɗi tukuna, wato sa ƙa'idar "idan A, to B" a cikin wata irinta. Friedman da Halpern sun nuna a 1994 cewa idan zurfinsa ba shi da iyaka, matsalar galibi tana tashi daga ajin NP (ajin wahalar lissafi da SAT ke ciki) zuwa PSPACE, ajin da ake ganin ya fi shi wahala.

Abin da ya rage shi ne fikafikai. Manhajar ba ta yarda jimina na da su ba, kuma ba kuskuren rubutu ba ne: da jimina ta saɓa wa ƙa'ida ɗaya a mataki na 0, sai System Z ya hana ta gadon dukkan matakin. Tsarin da Lehmann ya kawo a 1995 yana ƙirga ƙa'idojin da aka karya a kowane mataki, shi za mu gwada gaba da MaxSAT, nau'in SAT da ke neman yanayin da ya cika sharuɗɗa mafi yawa.