Na Bi Sawun Itacen Paris a Kan Keke

Jirgin ƙasan da ya kwaso mu daga Dijon ya sauke mu a Laroche-Migennes, muka shiga wani ƙarami da ya ratsa Auxerre, ya dire mu a Clamecy da hantsi. Ƙarshen watan Mayu ne. Ni da abokina, wani ɗan Damagaram da muke aiki wuri ɗaya, kowa da kekensa, irin mai lanƙwasasshen kai kamar na tsere amma mai faɗin taya, wanda aka ƙera don burji da tsakuwa. Faɗin tayata milimita 40. Guzurinmu duka yana cikin jakunkunan da muka ɗaure a jikin keken: rigar ruwa, faci, famfo, dabino, gwangwanin kifi, da 'yar dardumar salla mai naɗewa. Niyyarmu mu bi kogin Yonne cikin kwana uku, daga Clamecy har inda yake ɓuɓɓugowa a duwatsun Morvan.

Itace ne ya kai ni can. A Maradi na girma, inda kullum da safe za ka ga amalanke da jakuna suna shigowa gari da icen girki, kuma ban taɓa tambayar daga wane daji aka saro shi ba, ko wa ya kwana a hanya don tukunyarmu ta tafasa. Sai da na zo Faransa na ji cewa ita ma Paris ta yi ɗaruruwan shekaru tana girki da jin ɗumi da itacen ƙauye, kuma kaso mai yawa daga Morvan yake zuwa, a kan ruwa. An fara a tsakiyar ƙarni na 16, ba a daina ba sai 1923. Da sanyi ake sara, a yanka kowane gungume tsawon mita ɗaya da santimita 14, a buga masa tambarin mai shi, a jefa cikin rafi. Sai a buɗe ƙananan tafkunan da aka datse a sama, ruwa ya kwaso itacen ya gangaro da shi. A Clamecy da kewayenta ake tare shi, a tsamo da ƙugiya, a ware na kowane attajiri bisa tambarinsa, a ɗaure shi ya zama wani dogon jirgi mai tsawon kusan mita 70. Masu tuƙa shi sukan yi kimanin kwana 11 kafin su isa Paris. Idan sun sauke kaya, da ƙafa suke komawa gida.

Kafin mu bar garin mun tsaya a wani wuri da na daɗe ina son gani. Ranar 18 ga Yuni 1940 sojojin Jamus suka harbe fursunonin yaƙi 'yan Afirka sama da arba'in a nan Clamecy, mutanen da aka kwaso daga ƙasashenmu su yi wa Faransa yaƙi. An gina musu wurin tunawa. Muka jingine kekuna, muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Abokina ya yi shiru har muka yi nisa da gari.

Rabin farko na wannan rana hutu ne. Hanyar da ke bin gefen kanal ɗin Nivernais, wato kogin da mutane suka haƙa, a shimfiɗe take, mafi yawanta da kwalta. Fararen shanun Charolais suna kwance cikin ciyawa suna tuƙa, ko kallonmu ba sa yi. Wanda bai saba doguwar tafiya ba, nan ya dace ya fara. A Sardy ne ƙasa ta soma tashi: ƙofofin ruwa 16 a jere cikin ƙasa da kilomita huɗu, suna ɗaga jirgi mataki-mataki cikin wani kwari mai duhun bishiyoyi.

Daga saman nan muka bar kanal muka kama wata siririyar magudana da ke kawo masa ruwa daga Yonne. Abin da na zo nema ke nan. Hanyar ƙasa ce da ƙananan tsakuwa, ciyawa ta fito a tsakiyarta, ruwa yana tafiya a hankali dab da ƙafarka. Babu mota, babu kowa. Abin da kake ji kawai shi ne ƙaras-ƙaras ɗin taya da kukan tsuntsu. Da yake an haƙa ta don ruwa ya bi, ba ta hawa ba ta gangara, sai dai ta yi ta kewaya tudu kamar maciji. Kusa da Montreuillon sai kwari ya buɗe a gabanmu, magudanar ta hau wata gadar dutse mai tsayin sama da mita 30 ta haye kogin. Muka sauka muka tsaya a bakinta. Ruwan Yonne a sama, ruwan Yonne a ƙasa. Na dafa dutsen, da sanyi, gansakuka ta lulluɓe shi, ina tunanin hannuwan da suka sassaƙa shi tun shekarun 1840.

Mun kwana a bakin tafkin Pannecière. Madatsarsa ta 1949 ce, kuma an yi ta ne don a riƙe ruwa lokacin sanyi kada Paris ta sake nitsewa kamar a 1910, a saki shi lokacin zafi don kada kogin Seine, wanda Yonne ke zuba a cikinsa kafin ya ratsa Paris, ya ja baya da yawa. Wato bayan itace ya daina tafiya, aikin ƙauyen bai ƙare ba. Akwai gidaje da gonakin da ruwan ya cinye.

Rana ta biyu ce ta gwada mu. Morvan ƙasar dutse ce, hawanta ba su da tsawo amma ba sa ƙarewa, ka gama wannan ka tarar da wani yana jiranka. Inda dutsen ya ruɓe ya zama yashi mai kauri, taya takan nutse kamar a jigawa. Inda ruwa ya wanke ƙasa kuma, sai duwatsu su fito da kaifinsu. Na rage iskar tayoyina, keken ya daina tsalle, ya riƙa kama ƙasa. A irin wannan hanya ba a lissafi da kilomita. Abin da za ka yi cikin awa ɗaya a gefen kanal, a nan sai ya ci maka biyu.

Ruwa da burodi su ne suke tsara tafiyar. Ƙauyuka da yawa babu kanti ko ɗaya, tagogi a rufe, samari sun tafi birni. Inda aka yi sa'a akwai gidan burodi, da rana ta take sai a rufe, wasu kuma ba sa buɗewa ranar Litinin sam. Mun yi sayayya a Ouroux tun da wuri, burodi da cuku da tuffa, don abincin da aka fi alfahari da shi a yankin naman alade ne, gara mutum ya riƙe nasa. Ruwa kuwa, wani tsohon ɗan keke ne ya taɓa koya mini: nemi maƙabarta. Kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa don masu ba furanni ruwa. Idan ba a rubuta cewa ba na sha ba ne, muna cika gora. Ban taɓa buɗe irin wannan famfo ba tare da na tuna makomata ba.

Bayan azahar wani dutse ya tsaga mini gefen tayar baya a gangara. Ina zaune a gindin shinge ina saka faci, sai wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke tsallake, sanye da takalmin roba, ta tambaye mu daga ina. Muka ce Nijar. Ta koma ciki ta kawo butar kofi da kofuna uku, ta zauna kan kututture. Na ce mata, "Iya, mun tare miki ƙofa." Ta ce ƙofar ta kwana biyu ba ta ga baƙo ba. Cikin hira ta ce kakar mahaifiyarta ta tafi Paris shayar da ɗan masu kuɗi, ta bar nata jaririn a hannun dangi. Na taɓa karanta labarin waɗannan mata na ƙarni na 19, har gidan tarihinsu akwai a Alligny, tare da na marayun Paris da gwamnati ke kawowa ƙauye riƙo. Amma karatu daban, ji daga bakin tattaɓa-kunne daban. Na gaya mata cewa a wurinmu wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ba aure tsakaninsu. Ta daɗe tana juya kofinta kafin ta ce da haka ne a nan, da tana da dangi a manyan gidajen Paris.

Da yamma muka isa tafkin Settons. An gina madatsarsa da dutse tsakanin 1854 da 1858 don tura itace a kogin Cure, wanda shi ma a Yonne yake zuba. Yau wurin shaƙatawa ne, yara suna wasa a kwale-kwale. Muka haɗa sallolinmu a ƙarƙashin bishiya, barci ya kwashe mu tun gari bai gama duhu ba.

Abin da na gani a rana ta uku har yanzu yana ci mini rai. Muna cikin daji mai faɗin ganye, inuwa da sanyi da ƙamshin ƙasa, kwatsam sai muka faɗo fili: tudu guda an aske shi tas, ba abin da ya rage sai kututture da rassa, rana tana dukan ƙasa. Manyan injina sun kwaɓe hanyar, ramin tayarsu ya kai gwiwa, dole muka ɗauki kekuna a kafaɗa. Shekaru da dama ana maye tsohon daji da bishiyar Douglas, wadda ake shukawa a layi kamar dawa, a sare gaba ɗaya rana guda. Mutanen yankin suna ta ƙorafi, mun ga rubutun adawa a bakin hanya, kuma ina tare da su. Na san mai daji yana neman abinci, amma na fito daga ƙasar da ta san abin da ke biyo bayan sarar da ba ta bar komai ba.

Mun ratsa Anost, garin masu amalanken shanu da a da suke barin gida daga Mayu har Nuwamba suna jan gungume a wasu yankuna. Daga nan hawa ne har Haut-Folin, mita 901, ƙololuwar Morvan. Sarƙa tana kan giya mafi sauƙi, numfashi sama-sama, ba mai magana. Muka gangara Glux-en-Glenne, muka bar kekuna a bakin wata 'yar turba a gindin dutsen Préneley, muka ƙarasa da ƙafa.

Mafarin Yonne wata fadama ce mai laushi, ƙasa tana lotsawa idan ka taka, ruwa yana tsattsafowa tsakanin ciyayi ya haɗu ya zama ɗan rafin da yaro zai tsallake. Ƙasa kaɗan akwai Port des Lamberts, ɗaya daga wuraren da ake tara itace a jefa. Abokina ya ce, "Malam, wannan ɗan ruwan ne ya ɗauki duk wancan kaya?" Na durƙusa na yi alwala da shi, sanyinsa har cikin haƙora. Akwai sauran tafiya zuwa tashar Étang-sur-Arroux, amma na zauna kan dutse na kira Inna. Na tambaye ta mutumin nan da yake kawo mana itace a kan jaki ina yaro, daga ina yake zuwa. Ta faɗi sunan ƙauyensu ba tare da ta tsaya tunani ba, ta ce tun asuba yake fitowa, kuma ita ce take ba shi fura kafin ya juya.